Sharhi: Sabon maganin sankarar ƙwaƙwalwa da nisan da ke tsakaninsa da Haɗejiya

Likitoci a Amurka da Turai da Ostireliya na gwajin wasu sababbin magunguna masu ɗauke da sinadarin nukiliya, waɗanda ake fatan za su riƙa bin sawun sankarar ƙwaƙwalwa har inda ta ɓuya, su ƙone ta daga ciki bayan ta sake dawowa.

Sakamakon farko da aka bayyana, musamman wanda aka wallafa a 2025, ya ƙarfafa gwiwar masu bincike a wani fage da aka shafe shekaru kusan 20 ba a ga ci gaba na a-zo-a-gani ba.

To sai dai ga mai jinya a Haɗejiya, ko Auyo, ko Guri, ko Kiri Kasamma, labarin yana da wata fuska ta daban.

An tsara waɗannan magunguna ne domin cutar da ta dawo. Watau wadda aka riga aka gano, aka yi wa tiyata, aka gasa, sannan ta sake tsirowa.

Kafin a ce cuta ta dawo kuwa, sai an taɓa korar ta. Kuma wannan kora ta farko ita ce akasarin masu fama da ƙari a ƙwaƙwalwa a wannan yanki na jihar Jigawa ba sa kaiwa gare ta.

Cuta mai saiwar kacalla

Nau'in sankarar da aka fi mayar da hankali a kai shi ne wanda likitoci ke kira giliyobilastoma, wanda ya fi kowane irin sankarar ƙwaƙwalwa muni a tsakanin manya.

Ita ce ta yi ajalin Sanata Edward Kennedy na Amurka a 2009, da Beau Biden, ɗan tsohon shugaban ƙasar Joe Biden, a 2015, da kuma Sanata John McCain a 2018. Dukansu mutane ne da ba su rasa kuɗi ko ƙwararrun likitoci ba.

Duk manomi ko masuncin da ya taɓa shiga aikin gayyar yanke ciyawar kacalla a kogin Haɗejiya zai fahimci halin wannan cuta ba tare da dogon bayani ba. Ana sare abin da ido ya gani, ruwa ya buɗe, amma saiwar na nan kwance cikin laka, kafin a ankara ta sake toshe hanya.

Haka wannan ƙari yake. Likitan tiyata na iya cire curin da hoto ya nuna, amma ƙwayoyin cutar sun riga sun yi yaɗo cikin lafiyayyen naman ƙwaƙwalwa, inda wuƙa ba za ta bi su ba sai ta tafi da maganar mutum, ko ganinsa, ko motsin hannunsa.

Tsarin jinyar da duniya ke bi a yau ya samo asali ne daga wani bincike da Dokta Roger Stupp ya jagoranta, aka wallafa a 2005. Ana yin tiyata, sannan a yi gashi na mako shida, sau 30, tare da shan wani magani mai suna temozolomayid.

A wancan binciken, rabin waɗanda aka yi wa gashi kaɗai sun wuce wata 12 a raye. Waɗanda aka haɗa musu da maganin kuwa, rabinsu sun wuce wata 14 da rabi.

Bambancin wata biyu da rabi ne kacal, amma har yanzu a kansa ake gina jinyar. Kusan kowane majinyaci cutar na dawo masa, galibi a gefen ramin da aka cire ta, kuma da zarar ta dawo, mafi yawansu ba sa cika shekara.

Wani abin da ke daɗa dagula lamarin shi ne ganuwar da Allah ya halitta tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Aikinta shi ne hana guba shiga, to amma ba ta bambance guba da magani, don haka magungunan sankara da dama da ke aiki a nono ko huhu, a nan ƙofar gari suke tsayawa.

Ƙuna daga ciki

Gashin da aka saba yi, na'ura ce ke harba tururin nukiliya ko makamancinsa daga waje, ya ratsa fata da ƙashin kai da lafiyayyar ƙwaƙwalwa kafin ya isa ga ƙarin. Akwai iyakar abin da ƙwaƙwalwa za ta iya ɗauka, kuma wanda aka gasa sau ɗaya ya riga ya cinye mafi yawan rabonsa.

Sabuwar dabarar ita ce a ɗaure sinadarin nukiliyar a jikin wani abu da ƙwayoyin sankarar ke kwaɗayi, ko kuma a zuba shi kai tsaye a cikin ƙarin. Tururin da yake fitarwa ba ya tafiya fiye da 'yan milimitoci, wani ma bai kai kaurin gashin kai biyu ba, don haka ƙunar na tsayawa ne a inda ake so.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun a 1941 wani likita a birnin Boston, Saul Hertz, ya fara bai wa masu cutar maƙoƙo mai guba aidin na nukiliya, saboda ya lura cewa ƙullin da ke wuyan ɗan Adam shi ke tara aidin a jiki. Har gobe ana amfani da wannan hanya, ciki har da Nijeriya.

Abin da ya farfaɗo da fagen shi ne nasarar wasu magunguna biyu masu ɗauke da sinadarin lutishiyam. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Lutathera a 2018 domin wani nau'in sankarar hanji da ciki, sannan ta amince da Pluvicto a 2022 domin sankarar furostet da ke kama maza.

Daga nan manyan kamfanonin magunguna suka yi ca. A ƙarshen 2023 kamfanin Bristol Myers Squibb ya sanar da sayen wani ƙaramin kamfani mai wannan sana'a, RayzeBio, a kan dala biliyan 4 da miliyan 100.

A ɓangaren ƙwaƙwalwa, gwaje-gwaje biyu ne suka fi jan hankali.

Na farko shi ne na kamfanin Telix da ke birnin Melbon na Ostireliya. Maganinsa, TLX101, aidin na nukiliya ne da aka liƙa wa wani sinadarin gina jiki da ƙwayoyin sankarar ke haɗiya da yawa. Ta jijiya ake ɗura shi, kuma yana iya ƙetare ganuwar nan ta ƙwaƙwalwa, domin ƙofar da abinci ke bi ita yake bi.

A gwajin farko an ba majinyata 10 maganin, tare da sake yi musu gashi daga waje. Rabinsu sun wuce wata 13 a raye daga fara jinyar.

Na biyu shi ne wanda Dokta Andrew Brenner ya jagoranta a San Antoniyo ta jihar Texas, tare da kamfanin Plus Therapeutics. A nan sinadarin reniyam ake ƙunshewa cikin wasu ƙananan ƙwayoyin kitse, likitan tiyata ya huda ƙoƙon kai, ya zura siraran bututai cikin ƙarin, a riƙa tura maganin a hankali.

Sakamakon da aka wallafa a 2025 ya shafi majinyata 21. Gashin yau da kullum kan kai girei 60, a ma'aunin da ake auna tururin da jiki ya sha. A wannan gwaji wasu ƙararrakin sun sha fiye da ninki goma na hakan ba tare da an ga mummunar illar da za ta sa a dakata ba.

Waɗanda ƙarinsu ya sha fiye da girei 100, rabinsu sun wuce wata 17 a raye. Waɗanda nasu bai kai haka ba kuwa, wata shida.

Akwai kuma likitoci a birnin Waso na ƙasar Folan da suka daɗe suna gwada sinadaran bismut da aktiniyam, masu ƙuna mai tsanani a ɗan taƙi.

Ba girin-girin ba

Wata 17 a kan wata shida alƙaluma ne masu daɗin ji, amma ya kamata a karanta su da idon basira.

Gwajin mataki na farko ba a shirya shi don a tabbatar magani na warkarwa ba. Manufarsa ita ce a gano adadin da jiki zai iya jurewa. Ba a raba majinyatan gida biyu ta hanyar ƙuri'a ba, balle a kwatanta waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba.

Haka kuma ƙarin da ya fi ƙanƙanta shi ya fi sauƙin jiƙewa da magani, kuma mai ƙaramin ƙari dama can ya fi daɗewa. Saboda haka wani kaso na bambancin na iya kasancewa daga girman cutar ne, ba daga ƙarfin maganin ba.

Tarihin wannan cuta cike yake da irin wannan murna da ta koma ciki. A 2009 Amurka ta gaggauta amincewa da Avastin domin giliyobilastomar da ta dawo, saboda hotuna sun nuna ƙarin na motsewa. Da aka yi manyan gwaje-gwaje daga baya, sai aka ga yana rage kumburi da wahala, amma bai ƙara tsawon rai ba.

Ya zuwa yanzu babu ɗaya daga cikin waɗannan magunguna na nukiliya da wata babbar hukuma ta amince a riƙa sayarwa domin sankarar ƙwaƙwalwa. Dukansu a matakin gwaji suke, kuma ko masu gwajin ba su ce suna warkarwa ba, watanni suke fatan ƙarawa.

Wannan batu na da muhimmanci ga iyalai a arewacin Nijeriya, inda dillalan jinya a ƙasashen waje ba sa rasa sabon suna da za su ambata wa wanda hankalinsa ya tashi. Gonar fadama da aka sayar domin tafiya Masar ko Indiya ba ta dawowa, kuma marayun da za a bari da ita za su ci.

Maganin da ba ya jiran kowa

A ɗauka ma gobe an tabbatar da ingancin ɗaya daga cikinsu. Babbar matsalar da za ta biyo baya ba ta kuɗi kaɗai ba ce, ta lokaci ce.

Sinadarin nukiliya tun daga ranar da aka ƙera shi yake fara mutuwa. Ƙarfin aidin na raguwa da rabi duk kwana takwas. Na lutishiyam kusan duk kwana bakwai. Na reniyam bai cika kwana huɗu ba. Na bismut da ake gwadawa a Folan kuwa, minti 46.

Ke nan ba magani ba ne da za a sayo a jibge a sito, ko a ajiye a kantin magani har mai buƙata ya zo. Ana haɗa kowace kwalba ce da sunan majinyaci da ranar da za a ɗura masa. Kwalbar Pluvicto kwana biyar take yi ta lalace, ta Lutathera kwana uku.

Jirgin da ya makara, ko takardar kwastan da ta kwana a teburin wani, ko hanyar da ruwa ya cinye, duk suna iya mayar da maganin miliyoyin naira ruwan banza.

Mutanen Haɗejiya sun san abin da damina ke yi wa hanyoyinsu. A ambaliyar 2020 da ta 2022, garuruwa da dama a masarautar sun yanke daga sauran jihar, sai da kwalekwale, yayin da matasa ke kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa don kada kogin ya shiga gari.

Sannan ina ake ƙera sinadaran? Nijeriya na da tukunyar nukiliya guda ɗaya tilo, a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ta fara aiki a 2004. Ƙarama ce ƙwarai, mai ƙarfin kimanin kilowat 30, an yi ta ne domin bincike da koyarwa, ba domin wadata asibitoci ba.

Don haka sassan maganin nukiliya na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda aka buɗe a 2006, da na Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, daga waje suke shigo da abin aikinsu. A nahiyar Afirka, tukunyar Safari da ke Pelindaba a Afirka ta Kudu ce ke cikin manyan masu samar wa duniya irin waɗannan sinadarai.

Abin lura a nan shi ne, tun 1971 ake haƙar yuraniyam a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, amma sai a 2021 ƙasar ta samu cibiyar gashin sankara ta farko a Yamai, da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya.

Bayan an ɗura maganin ma aiki bai ƙare ba. Wanda aka bai wa aidin mai yawa, jikinsa da fitsarinsa na fitar da tururi na wasu kwanaki. Akan keɓe shi a ɗaki na musamman mai banɗakinsa, in an sallame shi kuma a umarce shi ya kwana shi kaɗai, ya nisanci ƙananan yara da mata masu juna biyu.

Waɗanda suka rubuta waɗannan ƙa'idoji ba su da gidan gandu a zuciyarsu, inda mutum 20 ke amfani da salga ɗaya da buta ɗaya, kuma rijiya na nan kusa a ƙasar da ruwanta ba shi da zurfi. Ba su kuma yi tunanin al'adar dubiya ba, wadda ke cika ɗakin mara lafiya da 'yan uwa tun daga ranar da ya dawo. Hatta wankan gawa, idan rai ya yi halinsa jim kaɗan bayan jinyar, yana buƙatar shawarar masana da fahimtar malamai.

Akwai kuma batun ƙoda. Da yawa daga cikin waɗannan magunguna ta ƙoda suke fita, kuma sai mai lafiyayyar ƙoda ake ba su. Yankin kogin Haɗejiya har zuwa Gashuwa a jihar Yobe kuwa ya yi ƙaurin suna wajen yawan masu ciwon ƙoda, lamarin da ya daɗe yana damun likitoci da hukumomi.

Daga ciwon kai zuwa Shika

Ƙari a ƙwaƙwalwa ba ya zuwa da suna a goshi. Yakan fara ne da ciwon kai mai naci da ya fi tsanani da asuba, ko amai, ko dushewar gani, ko farfaɗiya ga babban mutumin da bai taɓa yi ba, ko shanyewar ɓarin jiki sannu a hankali.

Wani lokaci kuma hali ne ke canzawa. Dattijo mai kamun kai ya fara zage-zage, ko uwar gida ta manta sunan 'ya'yanta.

A ƙauyukan fadama, da ma cikin birane, fassarar farko da akan yi wa irin wannan ita ce iska ko sammu. Sai a yi watanni ana ruƙiyya da hayaƙi da rubutu, ko ana shan maganin zazzaɓin cizon sauro da taifot daga kemis.

Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma malamai da dama na faɗin haka a kan mumbari. Abin da ake asara shi ne watannin da ake ɓatawa kafin a haɗa biyun.

Idan an kai ga Babban Asibitin Haɗejiya, likita ya yi zargin ƙari, sai a tura majinyaci gaba domin hoton ƙwaƙwalwa da ganin ƙwararru, galibi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tafiyar kusan kilomita 200.

Tiyatar ƙwaƙwalwa aiki ne na 'yan ƙalilan. Ƙididdigar da aka yi a farkon shekarun 2020 ta nuna likitocin wannan fanni a duk faɗin Nijeriya ba su kai 150 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma akasarinsu a manyan birane suke. A arewa, Sakkwato da Zariya da Kano ne suka fi suna a wannan aiki.

Bayan tiyata sai gashi, wanda dole a fita daga jihar Jigawa kafin a same shi. Shekara da shekaru asibitin Shika da ke Zariya da Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato su ne madogarar arewa maso yamma, kuma lalacewar na'urori a asibitocin gwamnatin ƙasar ta sha tilasta wa majinyata yin jiran watanni ko tafiya Abuja da Legas.

An ɗan samu sauyi. A 2023 an ƙaddamar da cibiyar jinyar sankara da gwamnatin Kano ta gina a Giginyu. A watan Yulin 2025 kuma gwamnatin tarayya ta buɗe sababbin cibiyoyi uku a Katsina da Inugu da Benin.

Amma gashi sau 30 na nufin mako shida a garin da ba naka ba, da mai jinya, da kuɗin masauki da abinci, ga gona an bari ba mai kula. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majinyata yake fitowa. Asusun tallafa wa masu sankara da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 kuwa, da sankarar nono da ta bakin mahaifa da ta furostet ya soma.

Don a ga girman tazarar, an sa wa allura ɗaya ta Pluvicto farashin dala 42,500 lokacin da ta fito a Amurka, kuma har shida ake yi. Mafi ƙarancin albashi da Nijeriya ta amince da shi a 2024 naira 70,000 ne a wata.

Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa a 2022 mutum kusan 128,000 ne suka kamu da sankara iri daban-daban a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu. An gina ƙiyasin ne a kan 'yan rajistoci ƙalilan irin na Ibadan da Abuja da Kalaba. Wanda ya rasu a Baturiya bayan wata shida yana farfaɗiya, aka ce iskokai ne, babu littafin da ya shiga.

Inuwar Trovan

Tun da magungunan na matakin gwaji ne, babbar hanyar da majinyaci zai same su a yau ita ce ya shiga cikin gwajin. A arewacin Nijeriya kuwa, kalmar gwajin magani na da nata tarihin.

A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa da ke Kano. Yara kusan 200 ne aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin. Yara 11 suka rasu, wasu kuma suka nakasa.

Iyaye sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta aikata ba daidai ba, yana mai cewa sanƙarau ne ya kashe yaran. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Illar ba ta tsaya a kan waɗannan iyalai ba. Lamarin na cikin hujjojin da aka riƙa kafawa lokacin da Kano ta dakatar da allurar rigakafin shan-inna daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, abin da ya sa cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama.

Idan maganin sanƙarau ya bar irin wannan tabo, ana iya ƙiyasta yadda za a karɓi wanda aka ce na nukiliya ne, kuma a cikin kai za a zuba shi.

Duk da haka, guje wa gwaji baki ɗaya ba mafita ba ce. Maganin da aka gwada a kan Turawa kaɗai, aka tsara ƙa'idojinsa bisa gidajensu da hanyoyinsu, zai iso nan ne a makare, da tsada, kuma babu likitan gida da ya san hannunsa.

Afirka ta Kudu ta nuna cewa ana iya yin akasin haka. Farfesa Mike Sathekge da abokan aikinsa a Asibitin Steve Biko da ke Piritoriya na cikin na gaba-gaba a duniya wajen gwada sinadarin aktiniyam kan sankarar furostet, har masana daga Turai da Amurka na kafa hujja da sakamakonsu.

Nijeriya ma ba ta rasa dokoki ba. Tun 2007 take da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, hukumar NAFDAC ce ke ba da izinin gwajin magunguna, akwai hukumar sa ido kan harkokin nukiliya, sannan cibiyar bincike da jinyar sankara ta ƙasa ta fara aiki a 2023.

Abin da Kano ta koyar shi ne takarda kaɗai ba ta isa ba. Mai sankarar ƙwaƙwalwa sau da yawa cutar ta taɓa hankalinsa, don haka wani ne zai amince a madadinsa. Dole bayanin ya kasance da Hausar da matarsa ko ɗansa za su gane, a faɗa musu ƙarara cewa gwaji ne, cewa ba a yi alƙawarin warkewa ba, kuma in sun ƙi ba za a hana shi sauran jinya ba.

Abin da ke kusa da hannu

Akwai wani abu da hayaniyar sababbin magunguna ke iya rufewa. Ba kowane curi a ƙwaƙwalwa ne giliyobilastoma ba.

Rahotannin asibitocin koyarwa na Nijeriya sun sha nuna cewa ɗaya daga cikin ƙararrakin da aka fi gani shi ne meninjiyoma, wanda ke tsirowa a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Akasarinsa ba mugu ba ne, kuma in an cire shi da wuri mutum kan koma gonarsa. Ga wanda nasa ya ƙi jin tiyata da gashi, ana gwada lutishiyam ɗin nan na Lutathera a Turai da Amurka.

Wani curin kuma tarin fuka ne ya yi gida a ƙwaƙwalwa, wanda ƙwayoyin da ake bayarwa kyauta ke narkar da shi. Wani kuma ƙurji ne mai mugunya da za a iya tsiyaye shi.

Hoton CT ko na MRI, da likitan da zai karanta shi, da ɗakin gwajin da zai duba ɗan naman da aka yanko, su ne ke raba waɗannan da juna. A nan ne naira ɗaya za ta fi ceton rai a masarautar Haɗejiya a yau.

Ga waɗanda aka tabbatar tasu muguwar ce kuwa, maganin rage kumburin ƙwaƙwalwa da na hana farfaɗiya da na kashe raɗaɗi ba su da tsada, ba sa buƙatar tukunyar nukiliya, kuma babban asibiti na iya bayar da su kusa da gida.

Gwamnatin tarayya ta ce Zariya na cikin rukuni na gaba na cibiyoyin sankara da za a kammala, tare da Jos da Legas. Ko za a haɗa wa cibiyar ta Zariya cikakken sashen maganin nukiliya, da ɗakunan keɓe majinyata, da ma'aikatan da aka horar, shi ne zai nuna ko arewa za ta iya karɓar irin waɗannan magunguna ranar da aka amince da su.